Ranar da Na Rubuta "Baki Ɗaya"

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela ne, kuma Allah ya yi shi mutum ne da ba ya iya haɗiye magana. Ba zagi yake yi ba, ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. Amma in ya ga abu ya karkace sai ya faɗa, ko a gaban wa. Mutum zai kawo masa riga gyara, ya ɗaga ta sama ya dubi wuyan ya ce, "Subhanallahi, wa ya yi maka wannan ta'asar?" alhali wanda ya yi ɗinkin yana shago na gaba yana jin sa sarai. Sama da shekara talatin ya yi a layin teloli ɗaya a Fagge, kekensa a bakin ƙofa. Kowa ya san halinsa, a yi dariya a wuce.

Ni malamin makaranta ne, darasin gwamnati nake koyarwa a wata sakandare a Sabon Gari. Ko maɓalli ban iya sa wa riga ba. Abin da ya kai ni cikin sha'anin teloli shi ne, sakataren ƙungiyarsu idonsa ya yi rauni, sai Kawu ya miƙe a taro ya ce yana da ɗa mai kyan rubutu. Aka damƙa mini wani littafi mai baƙin bango da biro biyu, aka ce duk abin da aka yanke in rubuta. Na karɓa don kunyar Kawu.

A bayan layin akwai lungu guda da yake fita babban titi. In ka cire bakin layi, shi kaɗai ne hanyar fita. Wata shekara aka wayi gari an dasa kwantena uku a bakinsa da yardar shugabannin ƙungiya, har ya zama in mai ɗauke da bandir ɗin shadda ya taho, sai ka koma da baya ka ba shi hanya. Layi ne kuwa da babu komai a cikinsa sai yadi da zare, ga dutsen guga na gawayi, ga janareto a ƙofar kowane shago da jarkar fetur a gefensa. Kawu ya tayar da maganar a taro har sau uku. Na sani, don ni na rubuta, kuma duk sau ukun amsa ɗaya na sa a ƙarƙashi: za a duba.

Wata safiya ana shirin nan na rediyo da ake buɗe layi masu sauraro su kira, ana zancen gobara a kasuwanni, sai Kawu ya ɗauki wayarsa ya buga. Ka san teloli, kowane shago rediyo a kunne yake. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi sunan kowa ba. Cewa ya yi shi wani tela ne daga Fagge, an toshe musu lungu, in wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, ba su da ta inda za su fita, kuma sun faɗa wa manyansu sau uku shiru kake ji. Bai kai minti biyu yana magana ba. Amma muryar Kawu ko a cikin barci ka ji ta ka san ta. An ce kekuna tsayawa suka yi cak a layin gaba ɗaya.

Bayan kwana biyu wasu ma'aikata suka zo da fayil a hammata, suka leƙa lungun, suka yi 'yan rubuce-rubuce suka tafi. Zuwan nan nasu shi ya tunzura shugabanni. Kwamiti ya zauna ya ce Kawu ya tona wa ƙungiya asiri, ya kai maganar gida waje. Aka ba shi zaɓi: ko ya sake buga waya a shirin ya ce kuskure ya yi, ko ya ɗauke kekensa ya bar layi. Kuma suna da ikon yin haka, don ƙungiya ce ke riƙe da shagunan a hannun mai ginin, ita ke raba wa kowa wurin zama.

Kawu ya ce bai yarda ba, a kai shi gaban dattawa. Dattawan nan su biyar ne, tsofaffin hannu a sana'ar, kuma in suka yanke magana ta yanku. Shi ya sa mutanen layin suke ce musu kotun ƙoli, rabi wasa rabi gaske. Shugabansu wani Alhaji ne da ya bar keke tuntuni ya koma sayar da shadda. A cikinsu kuma akwai wani tsoho mai ɗinkin hannu da muke ce wa Baba, aminin Kawu na ƙut da ƙut. Kawu ne ke yanka babbar riga ya haɗa, Baba ya yi mata aiki da allura. A kwano ɗaya suke cin abincin rana tun ina ɗan makaranta. Shi Kawu, Yaya yake ce wa Baba. Da na ji za a je gaban dattawa sai hankalina ya kwanta, na ce ai Baba yana ciki.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka zauna a zauren Alhaji. Na ce ko a samo wani ya yi rubutun tunda maganar ta kawuna ce. Alhaji ya ce, "Haba Malam, ai ba hukunci za ka yi ba, rubutu ne kawai." Aka yi addu'a aka shafa, ya ce kamar yadda aka saba, duk abin da aka faɗa a ɗakin nan amana ne, ba ya fita. Kowa ya ce ya ɗauka. Ni ma na ce na ɗauka.

Aka shigo da Kawu. Na gyara biro ina jiran a tambaye shi ko abin da ya faɗa gaskiya ne, ko a ce a tashi a je a auna lungun. Ina! Tambayar farko da aka yi masa ita ce, "Wa ya aike ka?"

Kawu ya ce, "Tsoron wuta ne ya aike ni, Alhaji."

"Ba ka san inda ake kai kuka ba ne?"

"Na kai sau uku. Ga mai littafi nan, a buɗe a gani."

Ba wanda ya ce in buɗe. Wani daga cikin dattawan ya ce, "Ai ba wanda ya ce ƙarya ka yi. Gaskiya ka faɗa. Amma ba a can ake faɗinta ba."

Ka ji fa. Gaskiya ce, amma ba a can ba. A nan kuma an faɗa an ce za a duba. To a ina ake so a faɗe ta, a cikin rijiya? Ina zaune ina tafasa, amma sakatare ba ya magana, sai na duƙufa a kan littafi. Kawu ya ce in dai so ake ya koma rediyo ya ce lungu a buɗe yake, to a buɗe lungun, shi kuma gobe da sassafe zai buga waya ya yi godiya har ya sa wa shugabanni albarka. Alhaji ya murtuke fuska ya ce ya ɗan jira a waje.

Da ya fita, huɗu suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, duk bakinsu ya zo ɗaya: in aka ƙyale wannan, gobe kowa ya ji haushi sai ya ɗauki waya. Baba yana gefe yana murza bakin rigarsa da yatsa. Da aka zo kansa ya yi gyaran murya ya ce, a hankali yadda ya saba magana:

"Ni ban yarda ba. Mutumin nan bai zagi kowa ba, bai kama sunan kowa ba, kuma ya fara kawo mana ba mu ji ba. In muka kore shi, ba shi muka hora ba, na baya muka koya wa su ga abu su yi shiru. Ni tsoho ne, ƙafata ba ta gudu. In wani abu ya faru a layin nan ni za a fara bari a baya. Ku rubuta ban yarda ba."

Wallahi ji na yi kamar in tashi in rungume shi. Na fara rubutawa. Sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata Malam. Mun ji ka, Baba, Allah ya saka da alheri. Malam, rubuta: dattawa sun yanke baki ɗaya."

Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, ai ba baki ɗaya ba ne. Huɗu ne da ɗaya."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa wanda boko ya yi wa yawa. Ya ce, "Kai ba ka san ma'anar kalmar ba. Baki ɗaya ba wai kowa ya yarda ba ne. Ana nufin in mun fita daga ɗakin nan, da baki ɗaya za mu yi magana. Tun kafin a haife ka haka ake rubutawa. Buɗe baya ka gani."

Gaskiyarsa, haka yake. Na sha buɗe bayan littafin, shafi bayan shafi baki ɗaya ne, har na taɓa mamakin yadda teloli, mutanen da ba sa jituwa a kan faɗin hannun riga, suke haɗa kai haka a kan komai.

A nan ne na karya dokar sakatare na yi magana, kuma na yi ta da zafi. Na ce tunda ana ce musu kotun ƙoli, bari in gaya musu yadda ta gasken take yi. Ina da wani tsohon kundin hukunce-hukuncenta da na saya a Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, bangonsa ya cire, ina zuwa da shi aji duk shekara. A can, in alƙalai suka zauna rinjaye ya tafi gefe guda, hukunci ya tabbata, ba wanda zai ɗaga shi. Amma wanda ya saɓa ba a shafe shi. Zai rubuta nasa da dalilansa, a karanta a bainar jama'a, a buga shi a kundi ɗaya da na masu rinjaye, baƙaƙen rubutun ma girmansu ɗaya. Wanda aka kayar zai koma gida ya san an kayar da shi, amma ya san akwai wanda ya saurare shi ya ga yana da hujja. Na ce ni ban nemi a canza hukunci ba. Layi ɗaya kawai nake roƙo a bar ni in sa, cewa mutum ɗaya bai yarda ba.

Suka bar ni na gama tsaf. Sai ɗaya ya ce, "To Malam, nan Fagge ce, ba Abuja ba." Aka yi dariya. Alhaji ya ce in aka rubuta huɗu da ɗaya, gobe layin zai rabu biyu, a fara nuna wa juna yatsa ana cewa wane ne ɗayan, kuma su ba za su bar wa na baya ɓaraka ba.

Na juya na dubi Baba. Shi nake jira. Da ya ce uffan, da na ajiye biron na ce sai dai wani ya rubuta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na faɗi nawa, Allah ya ji. Rubuta yadda suka ce, ɗana."

Na ja layi a kan 'yan kalmomin da na fara, na rubuta baki ɗaya. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Na sha gaya wa kaina cewa kunyar manya ce, ko kuma tunda mai maganar ma ya janye ni wane ne. Duk kame-kame ne. Tsoro na ji kada a ce ɗan boko ya zo ya raina dattawa.

Aka kira Kawu, kuma ni aka ce in karanta masa. Na karanta. Bai dubi Alhaji ba, bai dube ni ba, Baba ya duba. Baba kuwa idonsa yana kan tabarma. Kawu ya ce, "Na ji. Na gode." Ya sa takalmansa ya fita.

Na cim masa a hanya wajen masallaci. Ya tsaya ya ce, "Malam sakatare, tambaya ɗaya. Har da Yaya?"

Na ce, "Kawu, haka aka rubuta."

Ya ce, "To."

Da daddare ban je gidansa ba, washegari ma ban je ba. Kwana uku bayan nan ya kira mai kura ya ɗora kekensa da teburin yanka da dutsen guga, ya tsallaka Sabon Gari. Wani Inyamuri mai sayar da zare da maɓallai da zif a bakin kasuwa, wanda Kawu ya daɗe yana sayayya a wurinsa, shi ya ba shi gefen barandarsa. Mutumin da manyan mutane ke aiko wa da shadda daga cikin gari ya koma yana rage tsawon wando da canza zif ɗin jaka. Na ce masa yana da haƙƙi, tsarin mulki ya ba kowa damar faɗin albarkacin bakinsa, in ya ga dama a nemi lauya, magana tana iya hawa daga kotu zuwa kotu har ta kai ƙoli. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ni da na yi minti biyu a rediyo ga inda na tsinci kaina, sai kuma in maka mutanen da nake sahu ɗaya da su a kotu? Kai dai je ka koyar da yaranka."

Na kuwa ci gaba da koyarwa. Duk shekara in an zo babin 'yancin magana sai in tsaya gaban allo in zuba bayani, in ɗaga tsohon kundin nan in nuna shafukan wanda ya saɓa. Abin da nake faɗa gaskiya ne, har gobe ina ganin babu abin da ya fi wannan daraja a tsarin shari'a, a ce wurin da ke da magana ta ƙarshe shi ne kuma yake adana maganar wanda aka rinjaya. Amma ina faɗa bakina yana ɗaci. Me ya amfana a ce can sama an tanadar wa mutum haƙƙinsa, in a zauren unguwarsu ɗan yayarsa ne zai shafe shi da biro? Na ajiye sakatarancin a ƙarshen shekarar da aka kori Kawu, na ce aiki ya yi mini yawa. Ko a nan ɗin ma ban iya faɗin dalilin gaskiya ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba barin layin ba ne. Kawu yana samun na cefane, kuma shi da mai zaren nan sun shaƙu, har ya koyi 'yan gaishe-gaishe da yarensu. Abin da ya ci mini rai shi ne ya daina yi wa Baba magana. Ba gaba ta fito-na-fito ba, a'a. In sun haɗu a ɗaurin aure zai miƙa hannu ya ce "Ina wuni," ya wuce. Babu Yaya, babu zama. Baba kuma ya rasa mai yanka masa riga yadda yake so, aikinsa ya ja baya.

Na je wurin Baba sau biyu ina roƙonsa ya sake ni in faɗa. Na farko ya ce in bari zuciya ta huce. Na biyu yana kwance ba shi da lafiya, na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, don Allah. Kalma ɗaya ce." Ya ce, "Amana ce, ɗana, mun shafa fatiha a kanta. In na warware ta don ta yi mini daɗi, me na zama?" Sannan ya ce in gaishe masa da kawuna. Na fito raina a ɓace, ina jin haushinsa, ina jin haushin Alhaji, na kaina kuwa ya fi duka. Na kai gaisuwar. Kawu bai ɗago daga kan keke ba ya ce yana amsawa.

Baba ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Kawu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya bi har maƙabarta, ya sa hannu a ƙasa tare da kowa. Amma bai zauna zaman makoki ba ko na minti ɗaya.

Bayan sadakar uku na tashi daga makaranta na wuce barandar kai tsaye. Rana tsaka ce, kasuwa ta cika, masu kura suna ta ihun a ba su hanya. Na zauna a kan bencin masu jira na ce, "Kawu, akwai maganar da na riƙe shekara huɗu." Na gaya masa komai, yadda Baba ya ce bai yarda ba, da dalilan da ya kawo, har maganar ƙafarsa da ba ta gudu. Na gaya masa abin da Alhaji ya ce kalmar take nufi.

Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Ya daɗe yana kallon wandon da ke ƙarƙashin allura. Can ya ce, "Cewa ya yi a rubuta?"

Na ce, "Cewa ya yi a rubuta bai yarda ba."

"Kai kuma kana riƙe da biro."

Na ce, "E, Kawu."

"Kuma na tsayar da kai a hanya na tambaye ka."

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin rigarsa, ya mayar. Na zaci zai yi mini faɗa, wallahi so nake ya yi, ya ɗaga ni sama kamar rigar da aka ɓata ya faɗi duk abin da ke bakinsa. Mutumin da bai taɓa haɗiye magana ba sai ya yi shiru. Mai zaren ya leƙo ya tambaya ko lafiya, Kawu ya ɗaga masa hannu.

Sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Har aikowa ya yi a gaishe ni yana kwance. Da ƙafata zan iya zuwa, ko mota ba sai na hau ba." Ya dube ni. "Yanzu da ka gaya mini, wa zan je in ba haƙuri?"